Shin Ko Kun San? Dabarun Haɗa Kiɗan Na'ura

Shin ko kun san cewa bugun nan mai zurfi da ke girgiza gilashin mota, wanda furodusoshi ke kira 808, sunan wata na'ura ne da ta yi kwantai a kasuwa? Kamfanin Roland na Japan ya fito da TR-808 a 1980, makaɗa da yawa suka ce sautinta bai yi kama da ganga ta gaske ba, zuwa 1983 aka daina ƙera ta bayan an yi kusan guda 12,000. Amma Afrika Bambaataa ya riga ya ɗora "Planet Rock" a kanta a 1982, kuma da farashinta ya faɗi sai matasa marasa kuɗi a Amurka suka wawashe ta. Ƙanwarta TB-303, wadda aka ƙera don ta riƙa raka masu jita, ita ma haka ta ƙare, har sai da wasu samarin Chicago masu suna Phuture suka yi ta murɗa maɓallanta suka fitar da "Acid Tracks" a 1987.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin 808 yana can ƙasa, wajen Hz 40 zuwa 60 a ma'aunin zurfin sauti, ƙaramar sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Shi ya sa za ka bar situdiyo bes na dukan ƙirji, ka tura waƙar ta WhatsApp, a buɗe a waya a ji wayam. Ƙara masa ƙarfi ba ya magance komai, sai dai ya cinye wa murya wuri. Dabarar ita ce a ɗan ƙona sautin da abin da masu sana'ar ke kira satureshan, wanda ke haifar masa da 'ya'ya a sama: idan uwar tana Hz 50, za a samu 100, 150, 200 har gaba. Waya ta fitar da na saman, ƙwaƙwalwar mai sauraro ta cike gurbin uwar da kanta. Hakan ba sabon abu ba ne: layin tarho na dā yana ɗaukar Hz 300 zuwa 3,400 ne kawai, tushen muryar namiji kuwa yana tsakanin 85 da 180, amma ba wanda ya taɓa kasa gane muryar mahaifinsa a tarho. A ganina wannan ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci ga mai haɗa kiɗa a Kano ko Zinder, domin jama'armu a waya, da 'yar sifikar Bluetooth, da cikin adaidaita sahu suke jin waƙa.

Saboda wannan dalilin ne kuma ake danna maɓallin mono kafin a rufe aiki. Sautin da aka faɗaɗa hagu da dama fiye da kima yakan soke kansa idan ɓangarorin biyu suka haɗu a sifika ɗaya. Ganga, bes da babbar murya, a bar su tsakiya.

Ko kun san ganga da bes ba sa wucewa tare? Kamar ƙattai biyu ne a ƙofar zaure, dole ɗaya ya kauce. Furodusoshi suna sa kwamfiresa, wato na'urar matse sauti, a kan bes, su umarce ta da sauraron ganga. Duk lokacin da ganga ta buga, bes ya sunkuya na ƙiftawar ido, sannan ya ɗago. Ana kiran wannan saidcen, kuma irinsa ne gidajen rediyo ke yi idan kiɗa ya lafa da kansa da zarar mai gabatarwa ya buɗe baki. Daft Punk na Faransa sun tsananta shi har numfashin nan ya zama ado a kiɗan rawa.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin sifikun da suka fi shahara a manyan situdiyoyin duniya ba don daɗinta aka so ta ba? Yamaha NS-10, mai babban baki fari, ta fito a 1978 don amfanin gida. Ba ta da bes sosai, ga kaifi, har wasu injiniyoyi suna rufe ƙaramin bakinta na sama da takardar tishu. Sun riƙe ta ne saboda ba ta rufa wa aiki asiri: idan murya ta nutse ko kayan kiɗa sun cunkushe, nan take za ta tona.

Kunnen ɗan Adam ma ba ma'auni ba ne mai adalci. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yakan rage jin bes da can sama, ya fi kama tsakiya, musamman Hz 2,000 zuwa 5,000. Da ka ƙure ƙara komai sai ya yi daɗi, ko da haɗin bai yi ba. Don haka ƙwararru ke aiki a matakin da za su iya hira ba tare da ɗaga murya ba. Akwai kuma batun lafiya, wanda nake so matasanmu su ɗauka da gaske: hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar awa 8 ga desibel 85, kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 100 minti 15 ne kacal. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bangon situdiyo fa? Ba ya taɓa bes. Igiyar sautin Hz 50 tsawonta ya kusa mita 7, kwali mai siriri ba zai tare ta ba. Abu mai kauri a kusurwoyin ɗaki, inda bes ke taruwa, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Shin ko kun san wanda ya ƙirƙiro Auto-Tune injiniya ne da ya yi aikin nazarin igiyoyin sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur? Andy Hildebrand ya fito da manhajar a 1997 don gyara kuskuren murya a ɓoye. A 1998 masu haɗa waƙar "Believe" ta Cher suka ƙure saurin gyaran, muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki, abin da kunnen masu kallon finafinan Hausa ya saba da shi sarai. Abu biyu ke ɓata shi: a sa masa makullin da ba na waƙar ba, ko a ƙure shi a kan mawaƙin da gwanintarsa ke cikin lanƙwasa murya, ya goge masa ita.

Eko ma yana da lissafi. Raba 60,000 da saurin waƙa: idan bugu 120 ne a minti, amsar milisakan 500 ce, rabinta 250. Sa wannan adadin a na'urar eko, amsa-kuwwar ta faɗa daidai kan kiɗa.

Kuma Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, saboda haka wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, rage ta za a yi, ya tashi da matsattsen sauti kawai.

Ko kun san Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage? A 1944 Halim El-Dabh ya naɗi sautin bikin zar a Alƙahira da rikoda mai naɗa a kan zaren ƙarfe, ya sarrafa shi, aikin da ake lissafawa cikin na farko-farko a duniya. A Yamai kuma Mamman Sani ya naɗi kaset da ogan ɗinsa na lantarki ƙirar Italiya a 1978; 'yan Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Sai kalangu, wanda fiyano da kwamfuta suka fi cuta. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata ne sautin ya hau, ya saki ya sauka, a cikin bugu guda. Idan aka ɗauki bugu ɗaya aka jera shi a layukan manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, aka kuma ja kowanne ya zauna cif a kan layi, maganar da kalangun ke yi ta tafi. J Dilla na Detroit ya yi suna ne da kashe wannan gyaran lokaci a na'urarsa ta MPC3000, yana buga komai da yatsa. Mai son kalangu a cikin kiɗan na'ura ya gayyato makaɗi, ya sa makirfo kusa da fata, ya naɗi minti biyu ko uku a kan saurin waƙar, sannan ya matsar da gangunan kwamfuta su bi hannun makaɗin.