Tsakanin Kawaici da Tsiwa

Shirinmu na yau daga Akurba yake zuwa muku, a nan Lafiya.

Matasanmu masu neman aiki sukan ga kalmar "assertive" a cikin sharuɗɗan ɗaukar ma'aikata, wasu kuma su ɗauka tsiwa ake nufi ko zaƙewa. Abin da ake nufi shi ne mutum ya faɗi bukatarsa a fili, ya tsaya kan haƙƙinsa, ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna koyar da wannan hali. A 1970 Robert Alberti da Michael Emmons na Amurka suka rubuta littafi sukutum a kansa.

Mu duba a gida. A Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da babbar tashar wutar lantarki a nan Akurba. To, a ce an kawo wa maƙwabta uku takardar kuɗin wuta da ta wuce hankali. Na farko ya biya, ya koma zaure yana ƙorafi. Na biyu ya je ofis yana zage-zage, aka bar batun kuɗi aka koma batun faɗa. Na uku ya tattara rasit ɗinsa, ya yi sallama, ya ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da na saba biya, ga na wannan wata. A yi mini bayani, kuma ina neman mita." Ya bar kokensa a rubuce, ya tambayi ranar da zai dawo. Wannan na ukun shi ake nema.

Halin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya kan addini ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri saboda 'yancin mata da talakawa, ba ta ja da baya ba.

Kunya ado ce, amma Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. Iyaye, idan yaro ya ce "Baba, ban gane ba", ko yarinya ta ce "Mama, ban yarda ba" cikin ladabi, a saurare su kafin a tsawata. Wanda aka bari ya yi magana a gida, ba a cika danne masa haƙƙi a waje ba.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.