Hukuncin Wanda Ya Cutar Da Masu Wucewa A Ƙofar Gidansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, an tambaye mu game da mutumin da ya gina ramin ruwan wanka a bayan katangarsa, ya bar shi a buɗe, wani dattijo mai zuwa sallar asuba ya faɗa ciki ya karye. Mai gida ya ce ƙaddara ce. Shin akwai abin da ya hau kansa?

Mun ce: ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta kankare lamuni. Hanya ta jama'a ce, ƙofar gidanka ba mulkinka ba ce don kawai tana jingine da katangarka. Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, ya rarrabe wannan mas'ala a cikin Muwaɗɗa: wanda ya gina rami ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi ta fuskar da ba a halatta masa ba, shi ke lamunin abin da ya auku, wanda kuwa ya aikata abin da aka yardar masa, kamar saukowa daga dabba na ɗan lokaci don wata buƙata, ba a bin sa kome. Idan diyyar raunin ba ta kai sulusin cikakkiyar diyya ba, daga dukiyarsa za a biya. Idan ta kai sulusi, danginsa na wajen uba ke ɗauka. Cikakkiyar diyyar rai kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1000. To ku duba nauyin abin da muke ɗauka wasa.

Wani zai kawo hadisin da ya nuna ba a biyan wanda ya faɗa rijiya. Malamai sun fassara shi da rijiyar da mutum ya gina inda yake da ikon ginawa, ban da tsakiyar hanya.

Haka Shehu Halilu ya ambaci katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita, kuma ya sami halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗo wa wani, lamuni na kansa. Mu tuna da wannan kafin damina, don ginin ƙasa ba ya jira. A nan ne kuma za mu auna tulin yashi da tubalin da ake barin su wata da watanni a bakin titi, da ruwan sabulu mai sulɓi, da murfin kanibo da aka ɗauke, a Maraɗi ne ko Damagaram, Tawa ko Yamai. Abin da yake aikin magajin gari ne, a kai masa ƙara. Abin da hannunka ya ajiye, kai za a tambaya.

A wannan wata mutane na tafiya cikin duhu zuwa asham da tahajjudi, cikinsu akwai tsofaffi da makafi da yara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani. To yaya matsayin mai azumin da shi ne ya aza cutar? Kowa ya fita yau kafin buɗa-baki ya dubi ƙofar gidansa: ramin nan a rufe shi, kayan nan a janye su. Wanda kuwa wani ya riga ya ji ciwo ta dalilinsa, ya tafi ya biya kuɗin magani, ya nemi yafewa tun ana iya biya da dukiya, kafin ranar da ake biya da lada.

Allah ne mafi sani. Allah ya karɓi ibadunmu, amin.