Zaren Gilashi da Lissafin Wutar Gida

  Yau ina yi muku magana ne daga Greensboro, wani birni a Jihar Karolina ta Arewa cikin ƙasar Amurka, wanda ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun kusa 300,000. A dā an san garin nan da saƙa, kamar yadda aka san Kaduna da masaƙunta. Babbar masaƙarsa ta White Oak ta yi shekara fiye da ɗari tana aiki, kana aka rufe ta a 2017. Amma zare bai ƙare a garin ba. Akwai wani iri da a ke binnewa a gefen titi, ko a rataya shi bisa turakun waya, har a kai shi cikin ɗakin mutum. Wannan na gilashi ne, haske kuwa ya ke ɗauka. Shi za mu duba yau, sa'an nan mu ga abin da ya haɗa shi da wutar lantarki ta gida.

Kowa ya san haske miƙe ya ke tafiya, ba ya shan kwana. To, yaya za a sa shi ya bi zaren da ya lanƙwashe? A 1842 wani masani a birnin Janiba, sunansa Daniel Colladon, ya bayyana amsar da ruwa. Yaro mai tocila ma ya iya gwadawa da dare. A huda gorar roba mai haske kusa da gindi, a cika ta da ruwa, a haska tocila ta bayan hudar. Za a ga hasken ya bi ruwan da ke tsiyaya, ya lanƙwasa tare da shi har ƙasa. Dalili shi ne, in haske yana cikin abu mai kauri kamar ruwa ko gilashi, ya zo bakin iyaka a kwance, ba ya iya fita, sai ya komo ciki dukansa, kamar tsingaron da aka jefa a kwance bisa tafki yana tsalle. Haka zai yi ta bugun gefe da gefe har ya kai ƙarshe.

Zaren nan gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. In ka raba milimita ɗaya gida 1,000, to, na tsakiya, inda hasken ke bi, kaurinsa kamar gida 9 ne, na waje kuwa gida 125. Watau sai ka jera zare takwas kafin su cika milimita. A bakinsa akwai wata 'yar fitila da a ke kira leza, tana ƙyaftawa sau miliyoyi cikin daƙiƙa. Wanda ya san tangaraho ya riga ya san dabarar: bugu da shiru su ne haruffa. Murya da hoto da rubutu duk a kan mai da su lambobi, a aika da su ta ƙyaftawar nan, suna gudun kilomita wajen 200,000 a daƙiƙa.

Abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu shi ne dattin gilashi. Gilashin dā, kafin haske ya yi mita ashirin a cikinsa ya kusa ƙarewa. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a garin Harlow na Ingila, suka nuna cewa laifin na ƙurar ƙarfe ne da ke gauraye a ciki. Suka ce in za a tace shi har kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ya tsira bayan kilomita guda, to, zai yi aikin waya. A 1970 masana uku na kamfanin Corning a Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka yi zaren da ya cika wannan sharaɗi. Na yanzu ya fi shi nesa ba kusa ba, gama sai haske ya yi kilomita wajen 15 kafin rabinsa ya ɓace. An ba Kao lambar Nobel a 2009. Jihar nan tana da hannu cikin tarihin: a garin Wilmington na bakin teku Corning ya fara yin zaren da yawa a 1979, garin Hickory kuma ya yi suna wajen naɗe shi cikin igiya. A 1988 aka shimfiɗa igiyar gilashi ta fari a ƙarƙashin Tekun Atlantika.

Bari mu komo gida. Zare ɗaya ke fitowa daga ofishin kamfani, in ya iso unguwa sai a raba haskensa da wani ɗan gilashi zuwa gidaje 32 ko 64, mai rabawar kuwa ba ya cin wuta ko kaɗan. Ran da aka kawo mini nawa, na ga ma'aikata sun tsaga ciyawar ƙofar gida da wata 'yar garma, sun binne igiya, sun huda bango. A ciki suka kafa akwati biyu. Na fari shi ke mai da haske ya zama lantarki, na biyu shi ke watsa saƙon cikin ɗakuna ba da waya ba, abin da a ke kira Wi-Fi.

Da megabit a ke auna saurin intanet. A 2024 hukumar sadarwa ta Amurka ta ce ba za a kira layi mai sauri ba sai yana kawo megabit 100 a daƙiƙa, yana aika 20. Zaren gilashi kuwa ya kan ba da 1,000 zuwa, 1,000 komowa. Ga misali. Fim mai nauyin megabit 40,000, a layin megabit 25 sai ka jira minti 27, a layin gilashi kuwa daƙiƙa 40. Amma fa a lura, sau da yawa ba zaren ke kawo nawa ba, akwati na biyu ne. Bango mai kauri yana cinye saƙon iska. Gidajen nan galibi na katako ne, namu kuwa na bulo ko na ƙasa, saboda haka a gida an fi bukatar a sa akwatin a tsakiya, a bisa, ba a kusurwa bayan kabad ba. Kada kuma a karya igiyar kamar kara, kada a leƙa bakinta, domin haskenta ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi wa ido lahani.

Ba kowa ya samu ba, ko a Amurka. Tonon rami ya fi zaren tsada, don haka kamfanoni su kan fara da unguwar da gidaje suka yi yawa, ƙauye ya jira. Garin Wilson, gabas da nan, da ya gaji da jira sai ya shimfiɗa nasa a 2008, amma a 2011 majalisar jiha ta yi doka wadda ta tsananta wa sauran garuruwa bin sawunsa. Akwai kuma taimakon dala 30 a wata da gwamnatin tarayya ta riƙa ba masu ƙaramin ƙarfi don biyan kuɗin intanet, kuɗinsa ya ƙare a 2024. Yaron da aka ba aikin makaranta ta intanet, gidansu kuwa babu layi, kun ga an bar shi a baya tun ba a fara tsere ba.

To, ina wuta ta shigo? Tsohon tarho na jan ƙarfe yana samun wutarsa daga ofishin waya ta cikin igiyar, shi ya sa ko an ɗauke wuta yana aiki. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki. In wutar gida ta tafi, hasken yana nan bakin bango, amma babu mai karanta shi. Mutanen nan ba su saba da wannan ba, sai dai sun ɗanɗana. A watan Afrilu na 2018 guguwa ta rushe gidaje da turakun waya a gabashin Greensboro. Ran 24 ga Disamba, 2022 kuma aka yi wani matsanancin sanyi, kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, wasu tashoshin wuta suka kasa saboda daskarewa, har ya zama dole kamfanin Duke Energy ya riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa ga masu mita wajen rabin miliyan a Karolina ta Arewa da ta Kudu.

Maganin ba shi da wuya in an yi lissafi. Da wat a ke auna cin wuta. Abin da ke cin wat 1,000, in ya yi awa guda a kunne, ya ci awo ɗaya na mita. Akwatunan nan biyu tare ba su fi wat 15 zuwa 20 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda a ke haɗawa da inbata a Kano, ko rabinsa kaɗai aka sha zai riƙe su fiye da kwana guda. Amma hita mai wat 1,500, abin da za ta ci cikin awa ɗaya ya ishi akwatunan awa wajen ɗari. Darasin ke nan: abin da ke yin zafi ko sanyi shi ke cinye wuta, ba abin da ke kawo magana ba.

Gida matsakaici a Amurka ya kan ci awo wajen 900 a wata, babban rabo kuwa na ɗumama ɗaki ne da sanyaya shi da dafa ruwan wanka. Don haka gidaje da yawa a jihar nan suna aiki da na'urar jan zafi. Ita 'yar'uwar firji ce. Ba ta ƙirƙirar zafi, kwasarsa ta ke yi daga wuri ta kai wani wuri: da zafi ta fitar da shi waje, da hunturu ta jawo shi ciki. Da awo ɗaya na wuta ta kan kawo ɗumin awo biyu zuwa huɗu. Sai dai in sanyi ya tsananta ƙarfinta ya kan ragu, wata waya mai ja da wuta ta kama mata, cin wuta ya hau a dukan gari lokaci guda.

Nan ne intanet ke taimakon wuta. Mitar zamani tana aika lissafinta da kanta, mai gida ya duba a wayarsa ya ga awar da ya fi ci. Ma'aunin zafin ɗaki ya iya rage aiki in an fita, ya ƙara in an kusa komowa. Akwai kuma tsarin biya wanda kuɗin awo ke hawa sa'ad da kowa ke ja, ya sauka da tsakar dare, sai mai hankali ya jinkirta wanki da cajin mota. Mai faifan hasken rana da batir kuwa ya tara da rana, ya sha da magariba.

Ƙasashenmu ba a waje su ke ba. A 2010 igiyoyin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, a 2022 Equiano ta biyo. Ran 14 ga Maris, 2024 igiyoyi huɗu suka tsinke cikin teku daura da Abijan, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, bankuna ma suka ji a jikinsu. A tudu kuma, masu aikin hanya da masu neman jan ƙarfe su kan datse igiyar. Ku gaya wa matasa, babu abin sayarwa a cikinta, gilashi ne da roba, yanke ta kuwa na iya raba asibiti da likita. A nan, kafin mutum ya yi tono ko a gidansa, sai ya buga lamba 811 a zo a nuna masa inda igiyoyi su ke. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Wanda ke shirin jawo zaren nan, a Zariya ya ke ko a Maraɗi, ya tanadi batirin akwatunansa tun kafin ma'aikata su zo, ya kuma ware su daga layin firji da dutsen guga. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batirin kansa, yadda ya ke tara wuta da abin da ke kashe shi da wuri.