Hasumiyoyin Tsaro Na Bakin Teku

A gaɓar tekun Ingila akwai waɗansu hasumiyoyi masu siffar rumbu, ana ce da su Martello. Tsoro ne ya sa aka gina su.

Asalinsu daga tsibirin Kosika ne, cikin Bahar Rum. Can akwai wata tsohuwar hasumiya a wani wuri mai suna Mortella, wadda mutanen Jenowa suka gina don hango 'yan fashin teku. Cikin 1794 jiragen yaƙin Ingila biyu suka yi ta yi mata ruwan harsashi, amma ko gezau, har suka ja da baya da ɓarna mai yawa. Sai da soja suka biyo ta tudu sa'an nan aka ci ta. Ingilishi suka riƙe wannan darasi, ko da ya ke sun karkata sunan.

To, da Napoleon na Faransa ya tara runduna zai ƙetaro, sai suka gina irinta guda 103 tsakanin 1805 da 1812. Tsawon kowace wajen ƙafa 40 ne, bangonta kuwa ya fi kauri ta wajen teku. Ƙofar tana can sama, sai da tsani. Bisa soro akwai igwa mai juyawa kowane gefe.

Amma Napoleon bai zo ba, aka kuwa ci shi yaƙi a 1815. Me za a yi da su ke nan? Aka zuba masu gadin gaɓa a waɗansu don su tare 'yan fasa-ƙwauri. Waɗansu teku ta cinye, waɗansu aka rushe. Cikin yaƙin 1939 zuwa 1945 soja suka sake hawansu, suna dakon jiragen Jamus. Yau fiye da 40 suna tsaye, waɗansu gidajen kwana ne, waɗansu na ajiye kayan tarihi.

Har a Afirka ta Yamma akwai ɗaya, a Firitawun ta Saliyo, wadda aka gina a 1805. Daga baya aka rage mata tsawo, aka ɗora mata tankin ruwa.

Mu da za mu koyar da tarihi, in mun kai yara gaban tsohon gini, kada mu tsaya ga wanda ya gina shi kaɗai. Mu sa su bincika ayyukan da ya yi bayan dalilin gina shi ya wuce, gama a nan rabin labarin ya ke.