Mai Gidan Haya Ba Ya Jiran Gwamnati

Samaru, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cike take da ɗalibai masu neman ɗakin haya, domin ɗakunan kwanan jami'a ba su isarsu. Masu gidaje kuwa, a nan da Sabon Gari, sun saba karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya. Lalle wannan al'ada ta fi cutar ɗalibin da ya dogara ga gwamnati. Lamunin karatu da aka fara a 2024 Naira 20,000 yake ba shi duk wata, watau kaɗan-kaɗan, alawus ɗin jihohi kuma ya kan makara. Da zarar dillali ya ji haka, sai ya ce an riga an kama ɗakin, alhali ɗan kasuwa mai kuɗi a hannu yake jira.