Sanya Tashoshin Mota a Taswirar Jama'a

OpenStreetMap taswirar duniya ce da jama'a ke zanawa da kansu a intanet, kowa yana saka abin da ya sani game da garinsu. Wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ne ya kafa ta a 2004, kuma manhajojin waya irin su OsmAnd da Organic Maps a kanta suka dogara. Titi da rafi da rufin gida ba su da wuyar zanawa, domin hoton tauraron ɗan'adam yana nuna su. Wurin da mota ke tsayawa ta ɗauki fasinja kuwa ba ya fitowa a hoto. Daga sama, bishiyar da ake lodi a gindinta da wadda mai shayi ke zama duk ɗaya suke.

Wannan ne ya sa masu zane suka nufi hukumomin sufuri. A Birtaniya akwai kundin gwamnati mai suna NaPTAN, inda kowace matsayar bas take da suna da lamba da ma'aunin wurin da take. A 2009 aka ba da izinin shigar da shi cikin OpenStreetMap. Aikin ya cike giɓi mai yawa, amma ya zo da nasa matsalolin. Matsayar da wani ya riga ya zana sai ta fito sau biyu, wata ta faɗa tsallaken titi, wata kuma an daɗe da daina amfani da ita alhali tana nan a kundi. Dabarar da aka yi ita ce a yi wa kowace matsaya alamar cewa ba a tantance ta ba, har sai mutumin yankin ya je ya gani da idonsa. Akwai kuma batun izini: tun 2012 taswirar tana ƙarƙashin lasisin ODbL, don haka ba a kwafar bayanan wata hukuma sai da amincewarta.

A yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina lamarin ya sha bamban. Hukumar sufuri ta jihar Katsina, KTSTA, tana da tashoshinta da layukan da motocinta ke bi, ƙananan hukumomi kuma sun san tashoshin da ake karɓar haraji a cikinsu. Amma mafi yawan zirga-zirga tana hannun ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan acaɓa. Mai zuwa Malumfashi ko Funtuwa ya san inda zai tsaya a Marabar Ƙanƙara. Mai bin hanyar Dutsin-Ma ya san 'Yantumaki. A Faskari, kasuwar Sheme tana tara motoci ranar cinta, 'Yankara kuma tana kan babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau, yayin da mutanen Sabuwa ke bi ta Ɗandume. Wannan ilimi yana kan ɗan kamasho da direba, kuma shi ne ya fi kowanne daraja, domin kullum ana sabunta shi.

Saboda haka aikin a nan ba na juye kundi ba ne kai tsaye. Ana fara karɓar jerin hukuma a matsayin tushe, sannan a bi shi ɗaya bayan ɗaya da waya mai GPS. Mai aikin zai tsaya a bakin ƙofar tasha, ba tsakiyar kasuwa ba, ya jira alamar ta daidaita kafin ya ɗauki ma'auni. Daga nan sai tambaya: motar ina ake lodi a nan, kullum ne ko sai ranar kasuwa, da wane suna mutane suka san wurin? Sunan da ke takarda da wanda ke bakin jama'a sukan bambanta, taswirar kuma tana da gurbin ajiye duka biyun, har da rubutun Hausa mai ƙugiya. Barin sunan jama'a a baya babban kuskure ne, tun da shi matafiyi zai faɗa wa direba.

An gwada irin wannan a wasu biranen Afirka. A Nairobi, Jami'ar Nairobi da jami'o'in Columbia da MIT na Amurka sun tura ɗalibai da wayoyi cikin motocin haya, aka fitar da taswirar layukansu a 2014. A Accra an yi makamancinsa a 2017, aka saka sakamakon a OpenStreetMap. Dukansu sun tsara bayanan bisa GTFS, tsarin da Google da hukumar sufurin birnin Portland suka ƙirƙiro a 2005. Tsarin ya ginu ne kan mota mai tashi a ƙayyadadden lokaci, ita kuwa motar tasha sai ta cika take tashi, don haka akan rubuta kimanin tazarar da ke tsakanin mota da mota maimakon sa'ar tashi.

Akwai abin da hukuma kaɗai ke iya tabbatarwa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda tsaro, ta ce su bi ta Funtuwa. A Satumbar shekarar aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Taswirar da ba ta ɗauki irin wannan sanarwa ba tana iya tura baƙo hanyar da aka rufe. Katse layin ya kuma nuna amfanin manhajar da ake sauke taswira a cikinta ta yi aiki ba intanet. Yanayin tsaron yankin ya wajabta taka-tsantsan: ana saka tashoshin da kowa ya sani a fili, a nemi yardar shugabannin tasha da masu gari kafin a fara, kuma a rubuta ranar da aka tantance kowace matsaya domin mai zuwa daga baya ya san wadda ke buƙatar sake dubawa.