Awon ɗan hanji a ƙarƙashin madubin likita

Mutumin garin Babban Duhu ba ya buƙatar a yi masa bayanin amai da gudawa. Da zarar damina ta kankama, kwata ta malala cikin rijiyoyi da kududdufai, kowa a ƙasar Safana da Batsari ta jihar Katsina ya san abin da ake fargaba. A 2021 kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da annobar ta shiga. To, yau masana na iya zuba ido su ga dafin cutar yana tatsar ruwa daga bangon hanji, a wajen jikin mutum.

A 2009 ne Toshiro Sato da Hans Clevers, a Cibiyar Hubrecht ta birnin Utrecht a ƙasar Holan, suka raini ƙwayoyin halitta na asali daga hanjin ɓera cikin wani sinadari mai yauƙi. Sai ga su sun jera kansu sun zama ɗan ƙullutu mai rami a tsakiya, bangonsa irin na hanji sak. Oganoyid ake kiransa, galibi bai kai ƙwayar gero ba. Ba da daɗewa ba aka samu na hanjin mutum.

Amfaninsa ya fito fili a 2013, lokacin da ayarin Jeffrey Beekman, su ma a Utrecht, suka mai da shi ma'auni. A bangon hanji akwai wata kafa mai suna CFTR da sinadarin gishiri ke fita ta cikinta, ruwa ya bi shi. Idan aka ɗiga wa oganoyid ɗin mai lafiya sinadarin foskolin, kafar ta buɗe, ruwa ya cika ramin, ya kumbura. Na mai ciwon gado na sistik faiburosis kuwa, da ƙyar yake motsawa, don kafarsa a lalace take. Sai a gwada magani a kansa, in ya kumbura an samu alamar zai yi wa mai shi aiki. Wannan kafar ce dafin kwalara ke wangalewa ya hana ta rufuwa, shi ya sa oganoyid ke kumbura idan aka zuba masa dafin. Maganin da ya rage kumburin, akwai fatan ya rage gudawa.

Ke nan hukuncin duka ya rataya a kan awo. Ana rina ƙullutan da koren launi mai ƙyalli, a ɗauki hoto duk minti 10 har awa guda. Kwamfuta ta ware ɗigon da ke jikin oganoyid daga na fili, ta ƙirga, ta kwatanta da hoton farko. Nan ne kuskure ke shiga. Hoto shimfiɗaɗɗe ne, abin da ake aunawa kuwa dunƙulalle: faɗinsa in ya ninka biyu, filin da ya ci a hoto ya ninka 4, cikinsa ya ninka 8. Ƙullutu biyu da suka manne manhaja kan ɗauke su ɗaya. A ɗan sauya hasken madubi, iyakar ta gusa. Wanda ya manta daidaita ɗigon hoto da maikiromita, wato ɗaya cikin dubu na milimita, lambobinsa ba su da amfani ga kowa. Mafi muni a ganina shi ne mai bincike ya tsinci kyawawan ƙullutu da idonsa ya bar sauran. Ya kamata a auna duk abin da ke faranti, kuma mai awon kada ya san wanne aka ba magani.

Siffa ma tana magana. Ana kwatanta filin da ƙullutun ya ci da tsawon kewayensa: da'ira cikakkiya na samun maki 1, mai rassa da tsiro ƙasa da haka. Ba na hanji kaɗai ake aunawa ba: a 2016 masana a Burazil sun nuna oganoyid na ƙwaƙwalwa da ƙwayar Zika ta kama ya gaza girma, lamarin da ya ƙarfafa zargin ita ke haddasa haihuwar jarirai da ƙaramin kai.

Rainon oganoyid da tsada yake. Yana son akwatin ɗumi a ma'aunin zafi 37 dare da rana, da sinadaran da dole su zauna a daskare, abin da ba ya yiwuwa sai da tsayayyar wuta. Awon kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe shi. Manhajar ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar a 1997, da CellProfiler duk kyauta ne, akwai kuma hotunan da masu bincike suka saki a intanet. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya ƙwarewa a kansu tun yanzu, ya kuma juya fasahar zuwa jinin masu sikila da na masu zazzabin cizon sauro, waɗanda asibitocinmu ke dubawa da madubi kullum.